Ina Sashen Turanci, Amma Bakina Ya Mutu a Aji

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a sashen Turanci na wata jami'a a nan Arewa. Karatun lauya na nema, aka ba ni Turanci, na karɓa don kada in sake shekara a gida. Sakandaren gwamnati ta 'yan mata na yi, inda ko malamin Turanci da Hausa yake yi mana bayani. A rubutu ba ni da matsala, matsakaicin makina, wato CGPA, 3.58 ne. Amma tun ranar da na tashi gabatar da aiki muna aji ɗaya, na faɗi wata kalma aka kwashe da dariya, har wani ya riƙa kwaikwayona a bakin aji, ban sake ɗaga hannu ba. In aka raba mu rukuni-rukuni, ni nake rubuta aikin, wata ta tashi ta karanta. A unguwa kuma ƙawayena “Baturiya” suke kirana.

Yanzu ƙungiyar ɗaliban sashenmu za ta yi bikin makon sashe, wata 'yar aji huɗu ta ce in fito a wasan kwaikwayo a matsayin uwa. Raina yana so. Amma Baba malami ne mai ɗalibai a zaure, Yayana kuma ya ce daga nan sai Kannywood. Ƙawata ta ce in yi abina kawai, wa zai gaya musu? Ga kuma wasu littattafan da ake sa mu karanta, akwai wuraren da kunya ke sa ni rufe littafin, ina tsoron ko zunubi nake kwasa. Anti, in nemi canjin sashe ne, ko in lallaɓa in gama a haka?

Daga 'yarki, ɗaliba.

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya kafin ki taka.

Bari in fara da shawarar ƙawarki, don a duk wasiƙarki ita kaɗai ce za ta iya jawo miki asarar da ba ta gyaruwa. Wa zai gaya musu? Wayar da ke hannun kowa. Kafin ki cire kayan wasa wani ya ɗora bidiyon a WhatsApp, wata ta kai shi TikTok, kwana biyu ya sauka a wayar matar Yayanki ko ta wani ɗalibin Baba. Ranar nan maganar amana za a yi a gidanku, wasan ma ba wanda zai tuna da shi, kuma akwai gidajen da a kan abin da bai kai wannan ba aka ce yarinya ta tattaro kayanta ta dawo. Ki cire ɓoyo daga lissafinki gaba ɗaya. Ko a yi da sanin Baba, ko a bari.

Lallaɓawar da kike tunani kuwa tana da tsada, ke ce ba ki zauna kin yi lissafi ba. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, daga 3.50 zuwa 4.49 shi ne matakin digiri na 2:1, ƙasa da 3.50 kuma an gangara 2:2. Ke kina 3.58, a bakin gaɓa kike tsaye. Aikin cikin zango kan ɗauki maki 30 ko 40 cikin 100, kuma a sashen Turanci wani kaso na wannan makin da baki ake ƙwatarsa: gabatarwa a gaban aji, gwajin furuci, tattaunawa a kan littafi. Maki biyar da suka kuɓuce miki saboda shiru su ne ke mayar da 62 ta koma 57, B ta zama C, huɗu ta koma uku, sannan a ninka da nauyin kwas ɗin. Hakan ya faru a kwas biyu ko uku, kin sauka. Kin riƙe “da muguwar rawa gara ƙin tashi”, to a wannan sashen ƙin tashin ma cire masa maki ake yi. Waccan da take karanta aikin da kika kwana kina rubutawa, ita malami zai sani, ita zai tuna ranar da aka zo neman takardar shaida. Ga aji huɗu yana tafe, inda za ki yi ta zama da mai duba kundinki kina kare abin da kika rubuta, a wasu sassan ma a gaban malamai reras. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Yanzu ga furucin. Ba ki faɗi kalmar da aka yi wa dariya ba, amma kusan na san inda take: ko p da f, ko v da b, ko sautukan nan biyu da ake rubutawa da th. Turanci yana da sautuka 44, wasula 20 da baƙaƙe 24, alhali haruffansa 26 ne kacal, shi ya sa rubutunsa ba ya gaya wa mutum yadda zai furta. Hausa ba ta da p a matsayin sauti mai zaman kansa, ba ta da v, ba ta da th. F ɗinmu ma da leɓɓa biyu da yawanmu muke yin ta, shi ya sa a bakin Bakano wani lokaci takan ji kamar p, Basakkwace kuma ya mayar da ita hw. Ba ma fara kalma da baƙaƙe biyu ko uku a jere, sai mu cusa wasali a tsakani. Duk wannan tsarin harshen uwa ne yake bin mutum, kuma kowane ɗan Najeriya yana ɗauke da nasa, har wanda ya kwaikwaye ki. Farfesa Munzali Jibril, wanda ya koyar da Turanci a Jami'ar Bayero kuma ya taɓa riƙe hukumar jami'o'i ta NUC, digirinsa na uku da ya yi a Jami'ar Lancaster ta Ingila a 1982 a kan bambancin furucin Turancin 'yan Najeriya ne. Wato abin da aka yi wa dariya a bakinki fanni ne da ake yin digiri a kansa.

Kuma akwai inda Hausarki ta ba ki gaba. Kunnenki ya saba rarrabe dogon wasali da gajere tun kina goye, abin da masu wasu harsunan ke shan wahala kafin su kama a Turanci. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da ake yi wa laƙabi da mai muryar zinare saboda daɗin Turancinsa, ɗan ƙauye ne daga ƙasar Bauchi da ya yi Kwalejin Katsina, kuma shi ɗin ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa a gasar rubutu ta 1933.

Gyaran aiki ne na leɓe da harshe, ba ya buƙatar kuɗi. Ki yanki 'yar takarda ki riƙe ta a gaban bakinki. In kin furta p daidai, leɓɓa su haɗu su fashe, iska za ta kaɗa takardar. In ba ta motsa ba, ki sake. Ga f kuma ki tsaya gaban madubi ki ga haƙoranki na sama sun sauka a kan leɓen ƙasa. V ma haka, sai dai maƙogwaro yana rawa, ki ɗora yatsa ki ji. Ga th, kan harshe ya leƙo tsakanin haƙora. Ki sa ƙamus mai murya a wayarki, duk sabuwar kalma ki saurare ta kafin ki saka ta a baki, ki kuma lura da gaɓar da ake dannawa. Wannan na ƙarshen ya fi p da f muhimmanci, ko da yake ba a cika yi masa dariya ba: in kin danna gaɓar da ba ita ba, mai sauraro yakan kasa gane kalmar ɗungurungum. Kullum ki karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ki naɗi muryarki, ki saurara. Kwanakin farko ba za ki so jin kanki ba, kowa haka yake. A aji kuma ki shiga da tambaya guda da kika rubuta tun a ɗaki, jimla ɗaya tak, ki yi ta. Aikin rukuni na gaba ki ce wa 'yan rukuninku sashen da kika rubuta ke za ki karanta. Mai kwaikwayon nan kuwa, kada ki ɓata masa ko minti ɗaya.

Abin da ya sa ban ce miki ki manta da wasan ba shi ne, rabin karatun sashen Turanci a wajen aji yake. Lakca tana ba ki ginin jimla, ilimin ma'ana, nazarin salo, tarihin adabi. Amma bakin mutum da alƙalaminsa a wani wurin suke nuna: a zaman karatun waƙa da yamma, a muhawara, a mujallar ɗalibai, a taron ƙungiyar ɗaliban Turanci ta NASELS, a gardamar da ake yi a ƙarƙashin bishiya bayan an fito daga aji kan ko jarumar littafi ta kyauta ko ba ta kyauta ba. Ƙungiyar marubuta ta ANA, da aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma da yawansu kan yi zaman karatu inda ɗalibi zai karanta abin da ya rubuta a yi masa gyara kyauta. Wanda ya yi shekara huɗu daga aji sai ɗakin kwana zai fita da takarda, amma in aka ce ya tashi ya yi magana ta minti uku a wurin neman aiki sai gumi.

Rihazal, wato atisayen wasa kafin ranar nunawa, yana yin abin da ba wata lakca da za ta yi miki. Layi ɗaya za ki maimaita har sai kin gaji da shi, darakta yana tsaye can ƙarshen ɗaki yana cewa bai ji ba, ki ɗaga murya, ki buɗe baki, ki bar kallon ƙasa. Kuma da bakin wata kike magana. Masu kunya da yawa a nan suke samun sauƙi, don in an yi dariya uwar cikin wasan aka yi wa.

Wasan dandamali a jami'a yana da tarihinsa a nan Arewa, kuma yana da kyau ki san shi kafin ki je gaban Baba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a ƙarƙashin sashen Turanci aka fara koyar da shi a tsakiyar shekarun 1970, zamanin wani malami mai suna Michael Etherton, aka gina masa gidan wasa da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe. Daga nan ɗalibai suka riƙa shiga Samaru da ƙauyukan kewaye suna sauraron matsalolin jama'a, su mayar da su wasa, su nuna wa masu matsalar a tattauna. Malam Aminu Kano ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen faɗakarwa tun yana malamin makaranta. Mutanen zamanin Baba kuma da wuya a sami wanda bai kalli Samanja ko Ƙasimu Yero a talabijin ba. Yayanki ya haɗa abu biyu ne wuri guda: sana'ar fim daban, aikin makaranta na yini ɗaya a gaban malamai da ɗalibai daban.

Sai dai kafin ki kai maganar gida, ki san abin da za ki kai. Ki karɓi rubutun wasan ki karanta shi daga farko har ƙarshe, kada ki tsaya a naki layukan kawai. Ki tambayi mai shirya wasan abu uku ƙarara: ƙarfe nawa ake rihazal, wace sutura za ki sa, kuma akwai inda namiji zai taɓa ki? Ki faɗi sharuɗɗanki ba tare da kame-kame ba: da hijabinki, ba taɓawa, ba rihazal bayan magariba. Matsayin uwa ya fi kowane sauƙin ɗaukar waɗannan. In suka ce ba za su iya ba, kin huta, ba sai an je ga Baba ba ma.

In sun yarda, ki fara da Umma, ita ta san lokacin da ake samun Baba da lokacin da ba a tunkararsa. Sannan ki durƙusa gabansa da kanki, bayan ɗalibai sun watse, da takardar wasan a hannunki. Ki gaya masa gaskiya duka, har dariyar da aka yi miki da shirun da kika yi shekara guda kina yi, don ina kyautata zaton bai sani ba. Ki faɗa masa abin da wasan ya ƙunsa, da rana da wuri da lokaci, ki ce in ya so Yaya ya zo ya zauna ya ga rihazal da idonsa. Kada ki ce masa dole ne ko maki ne in ba haka ba ne. Wasan makon sashe na ƙungiya ne, kuma ƙarya ɗaya za ta rushe sauran. Malamai sun yi saɓani a kan wasan kwaikwayo, musamman fitowar mace, ni kuma ba mai ba da fatawa ba ce. Baba ya fi ni sanin wannan fagen. In ya ce a'a, ki ce to, kuma kada ki kumbura. Wanda aka nemi izininsa ya hana aka yi biyayya, shi ne gobe yake sakin hannu a kan wani abin. Sai ki roƙe shi muhawara ko karatun waƙa, ki kuma shiga aikin mujalla. A wasan ma akwai aikin bayan labule: mai riƙe da rubutu tana tuna wa 'yan wasa layi, mai kula da sutura, mai rubuta sanarwa. In kuma nan gaba aka zo kwas ɗin da wasan yake da maki, ki je wurin malamin tun farkon zango ki yi masa bayani, irin waɗannan ayyukan sukan wadatar.

Maganar littattafai ita ce na fi jin daɗin amsawa, don amsarta tana zauren gidanku. Ki tambayi Baba me ake karantawa in ɗalibi ya yi nisa a lugga. Zai ce miki Muƙamatul Hariri da waƙoƙin Shu'ara, wato mawaƙan Jahiliyya irin su Imru'ul Ƙaisi. A cikin waƙoƙin nan akwai bege, akwai giya, akwai alfahari da yaƙi, akwai baitocin da malami kan fassara yana sunkuyar da kai. Duk da haka malamanmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da su, saboda a nan Larabci yake da zurfi, kuma da shi ake fahimtar Alƙur'ani da Hadisi. Ba wanda ya ce mai karanta su ya yarda da rayuwar mawaƙin. Karatun nazari ke nan, kuma shi ake nema daga gare ki.

Kunyar nan kada ki yar da ita, ki sa ta aiki. In kin zo wurin da ya dame ki, ki tambayi kanki me ya sa marubucin ya kawo shi. Yana nuna zaluncin da aka yi wa wata ne, ko yana tona halin wani, ko kuwa kawai ya sa ne don littafi ya sayu? In kin ga bai ƙara komai ba, kina da damar rubuta haka a jarrabawa, muddin kin kafa hujja daga cikin littafin; malamin kirki ya fi son wannan a kan haddar takardun lakca. In sakin layi ya yi miki nauyi ki tsallake shi, amma kada ki tsallake littafin ki koma ga taƙaitawar intanet. Mai dubawa yana ganewa daga shafin farko.

Ki kuma daina ganin kin shigo sashen nan hannu wofi. A 1968, a Nairobi, marubucin Kenya Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu sun rubuta takarda suna neman a rushe sashen Turanci a kafa na adabi da harsunan Afirka a madadinsa, suna tambayar dalilin da zai sa adabin Ingila ya zauna a tsakiya namu yana gefe. Wannan gardamar ta zaga nahiyar, kuma yau a sassan Turanci na ƙasar nan ana koyar da adabin Afirka da adabin baka. Tatsuniyoyin kakarki, waƙoƙin niƙa da na daɓe, kirarin maharba, habaicin kishiyoyi, duk abin rubuta kundi ne. 'Yar makarantar kuɗin da Turanci ya zame mata harshen gida, wadda ba ta iya kawo karin magana biyar a jere, a wannan fagen ke za ta nema.

Canjin sashe kuwa ban goyi baya ba. Gurbin karatun lauya ƙayyadadde ne, majalisar kula da ilimin lauyoyi ce ke yanka wa kowace jami'a adadinta, don haka shiga daga wani sashe yana da wuya, kuma in an samu ma sau da yawa sai an maimaita shekara. Sannan me lauya yake yi in ba tsayuwa gaban mutane ya yi magana da Turanci ba? Abin da kike gudu yana can yana jiranki da rigar kotu. In kin gama har yanzu zuciyarki na kan lauya, jami'o'i da dama suna ɗaukar mai digiri kai tsaye zuwa aji biyu, kuma sakamako mai kyau shi zai buɗe miki wannan ƙofar. In kuma kin zauna a nan, wanda ya riƙe Hausa da Turanci duka da ƙarfi ba ya rasa abin yi: koyarwa bayan difilomar koyarwa ta PGDE da rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, aikin rediyo da jarida, gyaran rubutu, fassara da tafinta. BBC na watsa shiri da Hausa tun 1957, ga DW da RFI da TRT Afrika, kuma aikin ɗakin labaransu kullum juya magana ne tsakanin harsuna. Ko fassarar Turancin da ake sa wa finafinanmu a ƙasan allo, wadda wani lokaci ta fi fim ɗin ban dariya, tana neman masu gyara. In kina taɓa rubutun labari, gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta mata ce zalla.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai tunda za ki fara shiga jama'a. Ofishin malami da rana ake zuwa, ƙofa a buɗe, in da hali ke da ƙawa. Duk wanda ya ce zai gyara miki furuci ko ya duba miki waƙa amma sai da yamma ko a wajen makaranta, malami ne ko ɗalibi, ki gode masa ki wuce. In ya matsa, ki adana saƙonninsa ki kai wa malamar da kika yarda da ita ko shugaban sashe.

Ƙawayen unguwa masu “Baturiya” kuwa tsokana ce, ki yi dariya ki amsa. Ki dai kula kada ki riƙa yi musu gyaran Turanci ko ki cika hira da shi. Ranar da ɗaya ta kawo miki takardar neman aiki ki duba mata, ki duba da kyau.

'Yar aji huɗun nan ki same ta gobe ki karɓi rubutun wasan, ki ce ta ba ki mako guda kafin ki ba ta amsa, kuma ki gaya mata dalili: sai kin je gida kin nemi izini. In ta ga mako ya yi mata yawa, ta ba wata matsayin, ke kuma ki ce ta sa sunanki cikin masu karatun waƙa in Baba ya amince da wannan.